Noman da Kawu Kalilu Ya Yi wa Mudathir

Mudathir ɗan Goggo Lantana ne, abokin wasana, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. Tun yana ƙarami, in an aike shi sayen gishiri sai an ci tuwo an wanke kwanuka, sannan a tsince shi tsugune gaban wata ciyawa kamar ta yi masa alkawarin aure. Ni na ajiye boko a aji uku na sakandare, shi ya zarce jami'a karatun tsirrai.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya yi bincike. Namu ya zaɓi gano ciyayin da irinsu ke tsallakowa daga Nijar manne da tayar mota. Damina guda yana boda, bakin iyakar Nijar, da cokali da leda. Tirela na tsayawa, kwastan su yi sama, shi ya yi ƙasa yana kankarar laka. Direbobin Maraɗi har sun saba: "Kai ɗan laka! Duba tayar baya, mun taho maka da tsaraba!"

Ya baza lakar a faranti arba'in bayan ɗakin Goggo, kowane da lambarsa, yana ba su ruwa. Suka tsiro fal. Amma jarirai ne, duk kamarsu ɗaya. Sati uku yana buɗa littafi, sunan guda biyar kawai ya samo. Malaminsa kuwa ya ce ran Alhamis zai zo ya gani, in babu sakamako sai baɗi.

Ran Laraba Kawu Kalilu ya iso daga Farfaru. Manomi ne da ko a gonar maƙiyinsa ya ga haki sai ya tuge. Mudathir ya dawo daga boda ya tarar da faranti arba'in tas, sai gero ƙwaya ɗaya a tsaye.

"Kawu! Me ka yi?"

"Noma na yi maka, ɗan nan. Shekara huɗu ba a koya maka cire haki ba?"

"Hakin ne jarrabawar!"

Ihun da ya zuba, na rantse an ji shi a Maraɗi. Kawu ya dube shi da tausayi, ya nuna ƙasa. Ashe ya jera abin da ya tuge gaban kowane faranti, saiwa sama, don rana ta ƙarasa su.

"A kan tsidau kake kuka? Ga shi nan. Wannan ƙarangiya, wannan harƙiya, wannan gasaya."

Mudathir ya haɗiye kukan. "Kawu, ganye biyu gare ta. Ya aka yi ka sani?"

"Shekara hamsin ina kashe su tun suna ganye biyu."

Sai ga ɗan jami'a durƙushe da biro, majina na zuba, Kawu na kira yana rubutawa. Kafin la'asar kowace ta samu suna, an danne ta cikin jarida don ta bushe a nuna wa Malam.

Da Malam ya zo ya tambayi wa ya tantance su, aka nuna masa Kawu yana sakace. Shi ma ya zaro littafinsa ya durƙusa. Mudathir ya ci jarrabawa.

Geron nan kuwa Kawu ya tafi da shi Farfaru ya dasa. Har yau cewa yake shi kaɗai ne abin kirki da karatun yaron ya haifar.