Yadda Ƙadri Ya Yi Wa Kansa Ƙanwa

Duk direban da ya karɓi permi, wato lasisin tuƙi, a Tasawa zamanin soja ya san Ƙadri, ko yana so ko ba ya so. Mutumin Hawandawaki ne, dogo, siriri, bakinsa ba ya hutawa. Fari ne ya koro shi gari shekarar da soja suka karɓi mulki, bayan gonarsa ta ba shi kara babu zangarniya. Ya samu aiki a biro, ofishin da ake gwada direbobi. Aikinsa shi ne jera tano, wato tsofaffin gangunan mai, ranar da mai jarrabawa ya zo daga Maradi, don a ga wanda zai ja da baya bai buge su ba. In ka buge, Ƙadri ya tayar, ya kakkaɓe, ya kuma yi maka tsiya har ka bar filin. Shi kansa ko keke bai iya ba, amma in ka ji yana koya wa direban kamyo, babbar motar kaya, tuƙi, sai ka rantse a gidansu aka ƙera motar.

Bayan shekara goma fari ya dawo. A shekarar ne Majo Inusa, babban mai jinya na asibitin garin, ya zo biro da wata shawara: duk wanda ya ci jarrabawa a duba irin jininsa, a sa masa ɗan kati cikin permi, in ya yarda a rubuta sunansa cikin masu ba da jini. Direbobi suka watse. Lokacin soja ne, ba mai son sunansa a takarda. Ga kuma yunwa. Wanda ya karya da tsararon kunu, wane jini zai raba da wani?

Ba wanda ya sa Ƙadri, shi ya sa kansa. Shi ya fara miƙa wa majo yatsa, ya kurma ihu kamar ana yanka shi, sannan ya cusa katin cikin hula tunda ba shi da permin sawa. Daga ranar ba direban da ya tsira.

"Kai da ka buge tano ukku yau," in ji shi, "gobe gawo za ka buga. Wa za ya ba ka jini? Tanon? Tahi wurin majo, ɗan'uwa, allurar ba ta kai cizon cinnaka ba."

"To mi ya sa ka yi ihu?"

"Murna ce."

Da dariya da kunya, sunaye suka fara taruwa.

A bakin ƙofar biron akwai Zara'u mai fura, wadda mijinta ya rasu da daɗewa. Ƙadri ma gwauro ne. Shekara biyar yana shan furarta, tana ƙara masa ludayi guda ba ta kallonsa, kafin ya iya tura manyansa. Mutumin da ke surutu da kowa, gabanta sai ya koma bebe. An sa rana bayan kaka, in an samu kakar.

Wata Alhamis da hantsi amalanken ruwa ya kife a kanta, ƙarfe ya tsage mata cinya. Kafin a kai ta asibiti jini ya zuba da yawa. Majo ya zo biro a guje. Mutum uku ne masu irin jininta. Biyu, Salifu da Na Allah, sun tafi kai jar dawar taimako garin Kanan-Bakashe, ba a sa ran su sai gobe. Katin na ukun yana cikin hular Ƙadri.

To, a nan ne wautarsa ta tashi. Tun yana ƙarami ya san cewa waɗanda suka sha nono ɗaya ba sa aure. Sai ya yi nasa karatun shi kaɗai a kan hanya: in nono ya mai da mutum ɗan'uwa, ina ga jini? Bai tambayi majo ba, bai tambayi kowa ba. Ya kwanta, ya miƙa hannu, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Majo ya ɗauka tsoron allura ne, har yana lallashinsa.

Zara'u ta tashi daga jinya. Ta koma bakin ƙofa da ƙwaryarta tana ɗingishi, amma Ƙadri ya daina shan fura. Ya koma shiga biro ta baya, ta wajen katangar da ta rushe. In suka yi kiciɓis sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, ƙanwata," ya wuce. Ya rame, tsiyar ma ta daina daɗi. Direba ya buge tano huɗu, Ƙadri ya tayar bai ce uffan ba. Abin ya ba mutane tsoro.

Ranar da aka cika kwana arba'in da hatsarin ta tare shi a gindin katangar, ludayi a hannu.

"Malam Ƙadri, in ka hwasa, ka hwaɗi. Wace ce ƙanwarka?"

"Ke mana. Jinina na jikinki, Zara'u. Aure ya haramta."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Ni na gane."

Ta tasa shi gaba har zauren liman, bayan la'asar. Liman ya saurara, ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ya kasa. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Ƙadri, shayarwa daban, wannan daban. Waccan ta jariri ce da nono. Jini sadaka ka yi, Allah shi karɓa. Da haka ne, ai da ka gama mai da direbobin Tasawa 'yan ɗaki guda."

"Allah gafarta Malam, ke nan babu komi?"

"Babu komi sai rashin tambayarka."

Suka fito. Ƙadri yana ta washe baki, har ya fara shirya yadda zai ba da labarin a biro ta inda ba zai ji kunya sosai ba. Zara'u kuwa ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin zaure.

"Tsaya. Wato ranar nan, da ka kwanta ka miƙa hannu, a ranka ka san ka rasa ni ke nan?"

Ya cire hula, ya juya ta, katin ya faɗo, ya duƙa ya ɗauka.

"To ya zan yi? Da in bizne ki kina amaryata, gara in riƙa ganinki kina ƙanwata."

Ni dai ban taɓa jin wautar da ta taɓa mini zuciya kamar wannan ba. Zara'u ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Da ta buɗe, idonta ya yi ja.

"Koma ka gaya ma Malam," ta ce. "Ba mu jiran kaka. A ɗaura Juma'ar nan, ko da tuwon jar dawa za a ci."