Awon Jini a Gindin Gawo

Daga Gidan Rumji har Gazawa, in aka ce a fito da mutumin da ciwo ke jin tsoronsa, ni za a nuna. Zazzaɓi in ya hango ni, sauya hanya yake yi. Sauro ya taɓa cizona sau ɗaya, shi aka kwantar. Haka nake faɗa a majalisa, haka kuma na faɗa wa wata lokotoro, wato dakta, da ta zo garinmu Gidan Rumji da ma'aikatanta, suna binciken hawan jini da ciwon suga a ƙauyuka. So suke su san wa ke ɗauke da ciwon bai sani ba, wa kuma ya sani amma magani ya yi masa nisa. Suna neman mai baki da zai shige masu gaba. To, baki kam Allah ya ba ni har da gyara.

Aikina in gaida maigari, in yi bayani, in kuma ci abinci. Kada ku raina na ƙarshen. Lokotoro kurɓi ɗaya take yi wa fura ta ajiye ludayi, alhali baƙon da ya mai da ƙwarya cike ya zagi gida. Sai na sadaukar da kaina. A yankin Agiye na ci tuwo domin mutuncin bincike, a Cadawa na ci balangu mai gishiri da yaji, shayi kuwa ko'ina sai na ga na uku. Da ciki ake ba lambar yabo, da tuni an rataya mani.

Abu guda ne ban yi ba: ban taɓa miƙa hannuna an ɗaura wannan ƙyallen awon jinin da ke kumbura ba. Mahaifina a gona ya faɗi, rabin jikinsa ya mutu, aka ce iskoki ne. Wata rana a mota na ba lokotoro labarin, ta ce wannan ya fi kama da hawan jini, kuma yakan bi gida. Tun ranar, in an buɗe jakar awo sai in tuna ban yi alwala ba.

Har muka isa wani ƙauye bayan Cadakori. An shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, mutane sun cika, na zuba bayani har maƙogwarona ya bushe. Ba wanda ya motsa. Maigari, wani dattijo mai magana kamar ana saye, ya gyara zama.

"Mun ji, ɗana. Amma mu nan, wanda ya kawo mai magani gari, shi ka fara lasawa. Haka munka taras."

"Ranka ya daɗe, ai wannan ba sha ake ba, ɗaurawa ake."

"To a ɗaura maka."

Na dubi lokotoro ko za ta cece ni, sai na ga har ta jawo kujera. Na zauna, na naɗe hannun riga, na ce wa jama'a su ja baya kada na'urar ta fashe don mamaki. Aka yi dariya. Ƙyallen ya matse ni, ya saki a hankali. Lokotoro ba ta yi dariya ba. Ta ce in huta, in daina surutu, wanda shi kaɗai ya isa ciwo. Ta sake aunawa a ɗaya hannun. Sannan ta sunkuyo ta ce mani a kunne, jinina ya hau sosai, gobe in same ta a buro, wato ofishinta da ke likita, asibitin garinmu, a sake dubawa, kada in yi wasa. Ta yi ƙoƙarin sirri, amma a ƙauye raɗa ta fi shela tafiya.

Sai ga layi har bakin rijiya. Kowa na cewa in ƙato kamar wannan na ɗauke da shi yana dariya, wa ya tsira? Ranar ba mu tashi ba sai da la'asar ta yi sanyi.

Ni dai na koma gefe na jingina da kututture, ina tuna gonar nan da mahaifina. Wata tsohuwa ta zo ta zauna kusa da ni, irin kakannin da ke kiran kowane namiji mijinsu. Ita ta daɗe da sanin nata hawan jinin. Duk wata takan hau amalanke zuwa Gidan Rumji karɓar ƙwayoyi, in damina ba ta yanke hanya ba, in kuma ba a ce sun ƙare ba.

"Maigida, ai na gane ka," ta ce. "Ba kai ne mai ƙofa shuɗiya jikin katangar likita ba? Inuwar zaurenka nake hutawa in na taho."

Na ɗan farfaɗo, na ce lalle ni ne, kowa ya san gidan.

Ta girgiza kai. "Ni jaki ka kai ni, in wuni bisa hanya. Kai ko da ka yi tari lokotoro na jinka daga buro, amma sai da anka ɗauko ka cikin mota, anka kawo ka garinmu, sannan ka san ba ka da lahiya."