Motar da Ta Ƙi Tsufa

Mahaifina direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, kuma tun kafin a haife ni gida ɗaya yake yi wa tuƙi, gidan wani Alhaji attajiri a Damagaram. Ya ɗauko wake ko gyaɗa daga can, ya ratso ta garinmu Matameye, ya tsallaka iyaka ya sauke a Kano, ya juyo da siminti ko fulawa. Rabonmu da shi kwana ɗaya ne a kan hanyarsa, in mun taki sa'a biyu. Zai ajiye motar a bakin titi, ya shigo ya yi wanka ya ci tuwo, kafin a kwashe kwano ya koma ya leƙa ta. Inna takan ce da motar nan tana cin tuwo, da ita za a fara zuba wa kafin mu.

Albashinsa kuwa abin kunya ne a faɗa. Abin da aka yanka masa tun ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, shi ake ba shi har na yi aure na haihu. Tiyar hatsi ta ninka ta sake ninkawa, mai da sabulu suka bi sahu, albashin Baba yana nan inda aka dasa shi. Akwai kuɗin hanya da ake ba shi duk tafiya, amma daga ciki zai sallami jandarma, ya sallami 'yan duwan masu binciken kaya a iyaka, ya ci abinci, abin da ya rage shi ne na cefanenmu. In ya kwanta ciwo aljihunsa ne. In bayansa ya riƙe, Inna ce za ta gasa masa da ruwan zafi, gari ya waye ya hau mota. Da sallah akan aiko masa da shadda da buhun shinkafa, ya yi ta godiya har sai na ji kunya ta kama ni.

Maƙwabtanmu da suke tafiya cin rani Kano da Legas sukan dawo da babur ko kwanon rufi. Mu da muke da uba mai aikin dindindin, ɗakin Inna yoyo yake yi duk damina. Ba don Baba wawa ba ne. Jira yake yi.

A tsakanin masu motoci da direbobinsu akwai abin da ake kira sallama. Direban da ya daɗe a gida, bai ci amana ba, in ƙarfinsa ya fara ja baya maigida yakan bar masa tsohuwar mota ya ci gaba da neman abincinsa da ita. Ba a rubutawa, baki ne kawai. Ranar da Alhaji ya sayo wannan kamiyon ya miƙa wa Baba makulli, a gaban mutane ya ce masa, "Riƙe ta da kyau. In ta tsufa taka ce." Wannan maganar ita ce gonar Baba, ita ce garkensa, ita ce tanadin tsufansa. Saboda ita bai taɓa buɗe baki ya nemi ƙarin albashi ba, don a ganinsa wanda za a ba mota ba ya tsayawa cinikin albashi.

Sauran direbobi kowa ya san yadda suke cike giɓinsu. A zuƙi gazuwal daga tankin mota a sayar a bakin hanya, a labta wa mota kayan da ya fi ƙarfinta, a ce taya ta fashe alhali lafiyarta lau. In an ce wa Baba ya yi yadda kowa ke yi, sai ya ce, "Wa zan cuta? Motata?" Ba ma cutar ba, daga aljihunsa yake yi mata hidima. In ya kai ƙarar gyara gidan Alhaji aka ce a bari sai wata tafiyar, ba ya iya bari. Na tuna ranar da ya shigo gida da sabon batir a kafaɗa, yana ta murna ya same shi da sauƙi a Kano. A makon ƙanena yana kwance da zazzaɓi, takardar maganinsa tana ƙarƙashin matashin Inna ba a saya ba.

Inna ta dubi batirin ta dube shi, ta ce, "Malam, shi za mu jiƙa wa yaron ya sha?"

Baba ya ce, "Ki ƙara haƙuri. Abin da na sa mata ai mu na sa wa."

Ta tashi ta kwance ɗaya daga cikin awakinta ta aika da ita kasuwa. Ranar tukwanen gidanmu sun sha bugu.

Da aka rufe iyaka motoci suka tsaya, kuɗin hanya ya yanke, albashin ma aka ce rabi za a riƙa ba su tunda ba aiki. A daidai lokacin ne kayan abinci suka yi tashin da ban taɓa gani ba. Inna ta koma tuyar ƙosai a ƙofar gida, ni ina kawo abin da na samu daga ɗinki. Baba kuwa yana hawa motar haya da kuɗinsa zuwa Damagaram, don kawai ya tayar da injin kada ya kwanta. Na ce masa, "Baba, masu ita ba su da hannu ne?" Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya yi mini faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, ke dai ba ki san mota ba."

Ana buɗe hanya ba da daɗewa ba Alhaji ya rasu. Baba ya yi kuka na gaske, ya zauna zaman makoki tare da 'ya'yan gidan. Mu ma mun yi masa addu'a, amma ba zan ɓoye ba, ni da Inna abu ɗaya muke tunani. Baba ya haura sittin, idonsa ya fara gajiya da hasken fitilun hanya. In akwai ranar sallama, ta zo.

Bayan sadakar arba'in sai ga 'ya'yan Alhaji su biyu a ƙofar gidanmu da hantsi, cikin wata doguwar mota mai sanyi. Ba su shigo a ɓoye ba. Sai da suka sa aka kira limamin unguwa da dattawa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, yara suka yi cincirindo. Ni da Inna muna cikin zaure a bayan ƙofa, ta riƙe hannuna tana matsawa. Babban ɗan ya yi dogon bayani a kan amanar Baba, ya ce mahaifinsu bai taɓa samun direba irinsa ba, ya ce gidansu ba ya manta alheri. Sannan ya ce sun yanke shawarar saka masa da abin da ya fi komai. Sun biya masa kujerar Makka.

Wuri ya ɗauki kabbara. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa a bayan katanga. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a, kowa na cewa amin. Ta tsagin ƙofa ina kallon Baba, shi ma hannunsa a sama, amma bakinsa ba ya motsi.

Da aka shafa, ya matsa kusa da babban ɗan, ya rage murya ya ce, "Na gode, Allah ya saka. To maganar mota fa, Alhaji ƙarami? Marigayi ya yi mini magana a kanta."

Mutumin ya yi dariya, har da dafa kafaɗarsa. Ya ce, "Haba Baba direba! Ai marigayi cewa ya yi in ta tsufa. Don Allah wannan motar ta tsufa? Kai da kanka ka san ta fi sababbin lafiya. Da ta zama gwangwani da tuni mun bar maka. Yanzu tana cikin gado, marayu na da haƙƙi a kai." Sannan ya ƙara da cewa tunda Baba zai zama baƙon Allah, ya kawo makulli ya huta haka nan, sun sami wanda zai karɓa.

Na so in fita, wallahi na so. Inna ce ta danne ni. Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya miƙa, jama'a suna ta yi masa barka.

Da aka watse na same shi a ɗaki. Na ce, "Baba, ka koma ka ce su ba ka kuɗin kujerar. Ko ƙaramar mota ka saya ka riƙa jigilar Kance da Yauri nan kusa da mu."

Ya ce, "Da wane bakin, Uwata? A ce an kira ni ɗakin Allah na ce na fi son ƙarfe? A garin nan zan zauna bayan haka?"

Na ce, "To su ai sun san haka, shi ya sa suka tara mutane."

Ya ce, "Ki yi istigfari."

Na yi istigfarin, amma fushin bai tafi ba, har yau bai tafi ba. Ba da Makka nake fushi ba, Allah ya sani, ina roƙonsa ya kai ni ni ma. Da mutanen da suka san kyautar da talaka ba zai iya mayarwa ba nake yi. Da kora suka yi masa kai tsaye, da mun je gaban dattawa an tuna musu maganar ubansu. Amma wa zai kai ƙarar wanda ya biya masa aikin hajji? Duk wanda na fara yi wa maganar sai ya ce, "Ke kuwa, ki gode wa Allah." Haka aka rufe mana baki, aka kuma sa mu godiya.

Kujera suka biya, ba su biya guzuri ba, ba su biya tsaraba ba. Wanda ya je hajji kuwa ba ya dawowa hannu wofi, sai da dabino da carbi da huluna da turare na raba wa dangi da maƙwabta. Kuma dole a ciyar da masu zuwa taryarsa da masu zuwa barka. Sauran awakin Inna a nan suka ƙare, keken ɗinkina ma sai da na jinginar. Baba ya dawo sanye da fari tas, fuskarsa da haske, na rungume shi na yi kukan murna, wannan ba ƙarya ba ne. Mako bai zagayo ba muka koma auna hatsi da rabin tiya.

Ya fita neman aiki a tasha. Duk mai motar da ya tunkara sai ya miƙe ya ba shi kujera, ya ce, "Haba Alhaji, ai ka wuce nan. Ni zan aike ka? Ni zan yi maka tsawa in ka makara?" A ba shi shayi, a roƙe shi addu'a, a rako shi bakin titi. A unguwa kuma duk wani suna ko ɗaurin aure sai an kawo masa goro, kuma ana sa ran Alhaji ba zai je da hannu wofi ba. Sunan ya zo da hidimarsa, bai zo da abin yin ta ba.

Da aka gama girbi mazan unguwa suka fara ɗaure kayan cin rani, sai Baba ya ce zai bi su. Wani ɗan maƙwabcinmu da ke aiki a Kano ya samo masa gadin wani sito. Mutumin da bai taɓa zuwa cin rani ba yana da ƙarfinsa, sai yanzu da furfura. Na ji shi yana ja wa ɗan maƙwabcin kunne a zaure, yana cewa, "In mun je can kar ka ce mini Alhaji. Ka ce Malam kawai. In sun ji ba za su ɗauke ni ba."

Ni na raka shi bakin titi da safe, ina riƙe da ledar kayansa. Kuɗin motar fasinja ya yi musu yawa, don haka masu cin rani manyan motoci suke jira, a ɗora su a kan kaya da rahusa. Motoci biyu suka wuce a cike. Ta ukun da ta tsaya tun daga nesa na gane ta, motar gidan Alhaji ce, shi kuwa tun kafin ta bayyana ya gane ƙararta, don na ga ya miƙe tsaye. Sabon direban, wani dangin matar babban ɗan, ya leƙo ya gaishe shi da ladabi, ya ce gaba a cike yake amma akwai wuri a sama. Ya karɓi kuɗin kowa, ya karɓi na Baba.

Na ce, "Baba, don Allah ka jira wata."

Ya ce, "Wata ɗin ma kuɗi za ta karɓa."

Ya kama ƙarfe ya hau, samari suka ja shi ya zauna a kan buhunan wake. Na miƙa masa ledarsa. Ina tsaye ina jira ko sau ɗaya ya ce Allah ya isa, ko ya tofar da yawu, ko ya yi tsaki. Direban ya tayar da mota, ya tura giya da ƙarfi ta yi wata ƙara mara daɗi. Sai na ga Baba ya zabura, ya rarrafa a kan buhuna zuwa gaba, yana buga rufin da tafin hannunsa yana ɗaga murya.

"Kai! A hankali da ita mana! Ba a yi mata haka!"