Malam Zakiyyu da Kwamfutar da Ta Sha Man Shanu

Ƙarfe bakwai da rabi Malam Zakiyyu Maiwada yake buɗe shagonsa a layin masu gyaran waya na Sabon Gari, nan Minna, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan yana buɗe shi. Kafin ya taɓa aikin kowa sai ya share tebur, ya goge tabarau, ya karanta labaran na'urori a wayarsa. Daga nan ya naɗi saƙon murya na minti uku da Hausa, ya tura wa mutanen zaurensa na waya: ga abin da ya fito, ga wanda ya cancanci saye, ga wanda talla ce kawai. Malaman makaranta da direbobi da yawa ba sa sayen waya sai sun ji ta bakinsa.

Kowace irin kwamfuta yana gyarawa, amma zuciyarsa wuri ɗaya take. Tun yana saurayi ya ga wata mai tambarin tuffa a wani gidan buga takardu, ya kamu, har yau bai warke ba. Shi ya sa ake ce masa Mai Tuffa. Ranar da kamfanin zai nuna sabbin kayansa, sabon kaftani yake sawa ya zo shago, sai ka ce shi aka gayyata. Maƙwabcinsa Kingsley, mai sayar da caja da batura, ba ya barinsa ya huta.

"Malam, kamfanin nan ya san sunanka kuwa? Ko ruwa bai taɓa aiko maka ba."

"Kingsley, ai so ba ciniki ba ne," in ji shi, ya ci gaba da kallon bikin a wayarsa.

Duk son nan, sau ɗaya tak ya taɓa sayen sabuwa. Wata fara ce ta ɗorawa a cinya, babur ɗinsa ya sayar ya saye ta a 2008. Tana cikin akwatin gilashi a shagon. Duk Juma'a yakan fito da ita ya kunna, ya ji ƙarar tashinta, ya goge ta ya mayar. Wani mai tara tsofaffin na'urori ya taso takanas daga Abuja don ita, ya koma hannu rabbana.

Bana ido ya fara gardama. Yanar ido ta rufe na hagu, hannu kuma ya soma rawa, ga aikin nasa na sukurori ne ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya sanar zai rufe shago ƙarshen wata. Saura kwana tara, wata dattijuwa mai suna Hajjo, wadda ke kawo nono gari daga wajen Tagwai, ta shigo da ƙullin zane a ka. Ta kwance, sai ga farar kwamfuta irin tasa sak, tana maiƙo, tana ƙamshin da ba na kwamfuta ba.

"Inna, me aka zuba mata?"

"Man shanu ne, Malam. Duk sallah nake shafa mata, kada ta bushe ta tsage."

Kingsley ya juya baya yana danne dariya. Malam Zakiyyu bai ko murmusa ba, domin ta riga ta ci gaba da magana. Ta ɗanta Garuba ce. Shi ne na farko a gidansu da ya kai jami'a, bijimi aka sayar aka saya masa ita ta hannu. Shekara goma sha biyu ke nan da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Suleja. Ta ajiye ta cikin jeren ƙoranta, tana kula da ita yadda ta san ana kula da abu mai daraja. Kwanan nan wani abokinsa ya gaya mata Garuba yakan naɗi murya a ciki. Shago uku ta je, suka ce ta mutu.

"Fuskarsa tana nan," ta ce, ta dafa ƙirji. "Muryar ce ta fara ɓace mini."

Ya buɗe ta, ya duba da madubin ƙara girma. Man ya bi ta madannai ya ratsa ko'ina, batir ya kumbura, kayan ciki sun lalace. Ma'ajiyar bayanan kaɗai ta tsira, don a rufe take ruf. Ya zare ta, ya kwashe muryoyin ya zuba a ɗan katin waya. A wurin kowane mai gyara, aiki ya ƙare ke nan. Amma da ya miƙa mata katin washegari, ta juya shi a tafin hannu, ta dubi gawar kwamfutar.

"Na gode, Malam. Sai dai wannan ce hannunsa ya taɓa. Ba za ta ƙara tashi ba?"

Kayan irinta sun daɗe da ɓacewa a kasuwa. Duk Minna wuri ɗaya suke, kuma ya san wurin. Kingsley ya shaida mini cewa Malam ya yi kusan rabin awa a tsaye gaban akwatin gilashin nan. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sannan ya fito da ita, ya kunna, ya saurari ƙararta har ta gama, ya kashe, ya ɗauki abin kwance sukuru.

Kwana huɗu ya yi yana kwashe cikin tasa yana dasawa a jikin ta Garuba, da ido ɗaya da hannu mai rawa. Sukuru ya faɗi, ya durƙusa ya lalubo. Sau biyu Kingsley ya ce ya kawo ya taya shi, ya ƙi. Ba girman kai ba ne. Ba ya son wani hannu ya farke abin da ya yi shekara goma sha bakwai yana lallaɓawa.

Ranar da Hajjo ta dawo, ya ɗora yatsanta a kan maɓallin ya ce ta danna. Kwamfutar ta tashi. Ya buɗe naɗin farko, sai ga kukan shanu, ga muryar saurayi yana dariya: "Inna, ki yi magana mana, ana ɗauka. Kin kwana lafiya?" A cikin naɗin ba ta amsa ba, kunya ta sa ta gudu ɗaki. A shagon kuwa ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai.

"Lafiya lau, Garuba," ta ce.

Ni da nake rubuta wannan ina wurin, kuma ban ji kunyar hawayena ba.

Malam Zakiyyu, kai ne ka nuna mana cewa mutum zai iya son abu har a yi masa dariya, ya kuma rabu da shi ranar da wani ya fi shi buƙata. Kai ne ka koya mata yadda za ta kunna da kashewa, ka roƙe ta cikin ladabi ta bar man shanun ga ƙorai. Mun gode, Mai Tuffa. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa hutun nan ya yi albarka. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, kafin ku ce wa mutum kayansa sun mutu, ku tambaye shi abin da ke ciki.

Na san za ka ce ba ka yi komai ba, sukurori kawai ka kwance ka ɗaure. Mun ji. Amma yau a Tagwai akwai uwar da ɗanta yake gaishe ta kowace safiya, tana amsawa.