Tayar da Ta Ga Yamai

Mu uku muka tashi daga Katsina a kan kekuna, za mu Yamai: ni da yayana da abokinsa. Na daɗe ina shirin tafiyar nan, har sabuwar taya na saka a baya.

Kafin mu kai Jibiya gwiwata ta kumbura, ina taka feda ina cije leɓe. A Magama, dab da iyaka, tayar yayana ta yi fashewar da ta fi ƙarfin faci. Ya dubi gwiwata, ya dubi kekena, sai ya zaro sufana. Ina zaune gindin dalbejiya ya kwance tayata ya saka wa nasa, ko tambayata bai yi ba.

Na ce, "Yaya, ni fa?"

Ya ce, "Kai dama nan za ka ƙare."

Ina kallo suka ƙetare shinge, ba wanda ya waiwayo. A bayan motar albasa na koma gida, rungume da keke mai ƙafa ɗaya.

Da yayana ya dawo, a tsakar gida ya jefo mini tayar, ta suɗe kamar tafin hannu. Ya ce in adana ta, ita dai ta ga Yamai.