Na'urar Yaya Manu da Muka Raba a Gado

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Manu, bakaniken injin ban-ruwa a Argungu. A bana ne na kasa zama wuri ɗaya, kuma na'urarsa ce ta hana ni sukuni.

Manu bai yarda da kunne ba. Sauran makanikai sukan saurari ƙarar inji su ce ya gyaru, shi kuwa sai ya ce inji numfashi yake yi, kuma a kan silinda ake gane mai ƙoshin lafiya. Shi ya sa ya ƙera akwatin katako, ya liƙe kowace kafa, ya sa masa mota biyu, wato masu juya fankar injin zuƙe ƙura, da faranti mai huda a tsakiya. Idan ya ɗora kan silinda a bisa akwatin ya buɗe bawul, iska ta bi ta hudar, sai wani ɗan allo ya nuna lamba. Ya goge hanyar iskar, ya sake aunawa. Kafin ya amince da allon, sai da ya gwada shi da tiyo mai ruwan zoɓo, yana duba yadda iskar ke ɗaga ruwan. Mun sha tsokanarsa cewa inji ma ya samu mai ba shi abin sha. Wayoyin kuwa abokinsa Lasisi, Bayaraben da ke gyaran rediyo a Birnin Kebbi, shi ya haɗa su.

Da aka zo rabon gado, dattawan da suka shiga shagon ba na'ura suka gani ba. Sun ga akwati, sun ga mota biyu, sun ga allo da faranti, kowanne kaya ne mai zaman kansa. Aka kwance, aka raba bisa ƙa'ida, ba a zalunci kowa ba. Faranti ya faɗo a rabona, na kai shi gida Zauro na rataye ban san amfaninsa ba.

Bayan ƙaramar salla na haɗu da Lasisi. Ya tsufa, yana kusanto da fuskarsa kafin ya gane mutum. Ya ce mini, "Ƙanin Manu, idona yana tafiya, kuma bayan babbar salla zan koma gida. In kun tara kayan nan zan haɗa. In na tafi, ban san wanda zai iya ba."

Tun daga ranar nake kan babur. Akwatin na same shi wurin yayarmu, tana ajiye irin albasa a ciki. Mota ɗaya ta koma hura wuta a maƙera, na yi ta lallashi kafin a sake ta. Ɗayar ta ƙone, Lasisi ya ce guda ma za ta ja. Shinkafata na neman a cire mata ciyawa, ni kuwa ina yawon tattara tarkace. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko Manu zai yi mini dariya. Fadama ta fara cika da famfon sola, masu injin fetur suna raguwa. Amma na san shi. Da yana nan, da ya tsuguna gaban famfon yana neman abin da zai auna.

Saura allo. Yana wurin Kulu, matarsa, a Argungu, kuma na fi jin nauyin wannan tafiyar. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, har ta gaji ta ce, "Baban yara, hwaɗi abin da yak kawo ka." Na faɗa. Ta ɗauko shi daga cikin kwalla, naɗe da ɗankwali, ta riƙe ba ta miƙo ba.

"Kowa ya ɗauki abin da ka amfani," in ji ta. "Ni wanga nika so, don shi yayanka yaka kallo kullum. Ba shi hita ɗakin ga."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce mata Lasisi zai tafi, aikin Manu zai mutu a kwalla. Ta gyara naɗin ɗankwalin.

"To ku kawo sauran nan," ta ce. "Zaure na nan wofi. Ai nan yaf fara ta."

Wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Gobe zan ɗauko Lasisi da akwatin a motar Argungu. Ban sani ba ko idonsa zai ga wayoyin, ban sani ba ko allon zai kama bayan shekara shida. Abin da ya rage mana na Manu a rarrabe yake, kuma babu wanda nasa zai yi aiki shi kaɗai. Na sauke farantin daga bango, na goge tsatsar, na sa shi a jakar tafiya. Allah Ya jiƙan Yaya Manu, Ya ba Lasisi ganin gobe.