Wayar Da Ta Ɗaure Tsintsiyar Laraba

Duk wanda ya zauna a Dutse tun sanda aka mai da ita hedikwatar jiha ya san Malam Zainulabidin mai gyara. Mutumin Kiyawa ne. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, da ma'aikata suka taso daga Kano da kwamfutocinsu sai ya ce ai duk abin da ke cin wuta ɗan'uwan rediyo ne. Sai da ya ƙona biyu kafin hannunsa ya faɗa, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin yana dariya.

Halinsa ɗaya ne ya ishi kowa: ba ya yar da komai. Shago ya cika, tarkace ya bi shi gida har ƙarƙashin gado. Matarsa Laraba kullum cikin mita take: "Malam, gida ne wannan ko bola?" Amsarsa ba ta sauyawa, wai da tsohuwar zuma ake magani.

Wata Talata da hantsi, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wata dattijuwa ta yi sallama a shagonsa. Malama Safara'u ce daga Jahun. Marigayi mijinta malamin makaranta ne, ya shekara goma sha ɗaya yana bin rugage yana rubuta magungunan shanu daga bakin tsofaffin makiyaya, yana bugawa a tsohuwar kwamfutarsa. Bayan rasuwarsa gara ta cinye takardun, tsawa ta ƙona kwamfutar, tsofaffin nan kuma yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido. Abin da ya rage faifan kwamfuta ɗaya ne da aikin ke ciki, irin babban nan baƙi mai laushi, ta ɗauro shi tsakanin alluna biyu don kada ya lanƙwashe.

Shago huɗu ta zaga tana neman wanda zai fitar mata da rubutun. Kwamfutocin lokacin duk ƙaramin faifai suke ci. Wani marar kunya ma cewa ya yi ta rage masa gefe da almakashi. Kai jama'a!

"Malam, in babu hali ka faɗa mini, in haƙura," ta ce.

Tausayinta ya kama shi. Ya tono wani tsohon injin karanta babban faifai daga cikin kwali, ya hure ƙura, ya buɗe cikin kwamfutarsa. Wayar wuta ta shiga lafiya lau. Amma wayar da ke kai saƙo, mai faɗin nan kamar ɗamara, ta ce ba ta san zancen ba. Bakinta na ƙananan ramuka ne, shi kuwa tsohon injin harshe gare shi mai faɗi. Sai an samo waya irin ta da, mai baki biyu.

Ya san yana da ita. Ya zazzage shago, babu. Gumi ya karyo masa. Ya hau babur sai gida, ya jawo komai daga ƙarƙashin gado, nan ma babu. Yana fitowa tsakar gida sai ga Laraba tana shara, ga wayar nan toka-toka mai jan layi a gefe, an naɗe ta sau uku a gindin tsintsiya.

"Laraba! Tsaya!"

"Yau kuma mene ne? Ita kaɗai ce ta taɓa yin amfani a kayan naka."

Ya kwance ta a hankali, tsintsiya ta watse a ƙasa, Laraba na salati.

A shago ya goge bakin wayar, ya miƙar da ita, ya jona. Bai yarda ya fara da faifan Malama ba, wani nasa na banza ya sa. Allah ya so. Fitilar injin ta kama ta ƙi mutuwa, alamar ya juya wayar, jan layin yana ɗaya gefen, kuma a haka injin kan iya lalata abin da ke cikin faifai. Ya cire ya gyara, ya sake gwadawa, sannan ya yi bismillah ya karɓi nata.

Injin ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake gurnani. Malama ta runtse ido tana jan carbi. Can sai ga rubutu ya jeru.

Malam Zainulabidin ya sauke ajiyar zuciya. Nan take ya kwafe a ƙananan faifai uku, ya sa firinta ta fara fitarwa. Ya miƙa mata shafin farko da ɗuminsa.

Ta sa tabarau, ta karanta layi biyu a fili. Ta dafa takardar a ƙirji.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi haka yake magana."